Mijin Mai Benci

A duk layin, Ciyaman ake ce masa, har jikokinsa ma haka suke kiransa. Ya yi shekaru yana tuƙa babbar bas ta kamfanin sufuri, har gwiwarsa ta hagu ta gaji da taka kuloci, ya ajiye aiki ya dawo gida. A shekarar da ya dawo ɗin ne sata ta yi ƙamari a layinsu, kuma da rana tsaka ake yin ta. Manya su watse wuraren aiki, yara su tafi makaranta, a dawo a tarar an ɓalle ƙofa an yi gaba da talabijin da tukunyar gas. Masu babur su fizge waya a kunnen mace tana tsakiyar magana. Shi ne ya bi gida-gida ya tara mazan layin a garejinsa, aka kafa kwamitin tsaro, aka ɗora masa shugabanci tun bai gama cewa ba ya so ba.

Ya kuwa riƙe abin hannu bibbiyu. Shi ya tsaya a kan mai walda har aka kafa ƙofar ƙarfe a bakin layi. Shi ya yi ta zarya ofishin 'yan sanda har suka fara gane shi da jin tarinsa. Shi ya raba usur, ya koya wa mutane bambancin busar kira da busar gaggawa. Yana da wata riga mai ƙyalli ruwan lemo, irin ta masu aikin titi, wadda matarsa ke wankewa ta goge masa duk mako. In ya saka ta, tafiyarsa ma canzawa take yi, ɗingishin ya ragu.

Matar tasa, Maman Tagwaye, ɗan shago ne da ita a jikin gidan, taga ce aka faɗaɗa aka sa kanta: sabulu, sukari, ashana, burodi, madarar gwangwani. Ba ta taɓa zama a taron kwamiti ba, iyakarta ta aika musu shayi a filas. Wata rana ta ce zafin shagon ya ishe ta, ya haɗa mata benci da ragowar katakon da ke gareji. Ya haɗa, ta ajiye a ƙofar shago. Matar tela ta fara fitowa da ɗinkin hannu tana taya ta zama. Mai kitso ta ji wurin da iska, ta dawo da kitsonta nan. Tsohuwar saman bene, wadda kan wuni ba ta ga fuskar kowa ba, ta sa aka riƙa sauko da ita da hantsi. Kafin a ankara kusan kowace ƙofa ta yi benci, kuma matan suka shirya a tsakaninsu, in wannan za ta shiga girki waccan ta fito. Baƙo ya shigo layin, kafin ya kai tsakiya an gaishe shi ta ko'ina, an tambaye shi gidan wa yake nema, an raka shi har ƙofa. Samarin da ke zama a kwanar layin kuwa, waɗanda kwamiti ke ta shirin kai ƙararsu, Maman Tagwaye ta kira su ta ba su bokiti da tiyo daga famfonta, ta bi masu motoci ta ce a riƙa ba su wanki. In an tashi daga makaranta, su ne ke tare ababen hawa yara su tsallaka.

Sata ta yi sauƙi, har aka daina zancenta. Ciyaman bai taɓa shakkar cewa ƙofar ƙarfe da usur ne suka yi wannan aikin ba.

Ranar da babban jami'in 'yan sandan yankin ya kira shi ya ce hukumar birni ta zaɓi layinsu cikin waɗanda za a karrama bana saboda tsaron unguwa, Ciyaman ya ajiye wayar ya tashi ya je aka yi masa aski, ko da yake gashin bai taru ba. Ya sa aka share gareji aka jera kujeru. Ya ce wa Maman Tagwaye ta ƙara wa rigar guga.

"Jiya na goge ta," ta ce.

"Ki sake. Hoto za a ɗauka."

Jami'ar da hukumar ta turo yarinya ce sa'ar tagwayensa, da mai ɗaukar hoto a bayanta. Ya tarbe su a bakin ƙofar ƙarfe, ya nuna musu yadda sakatar ke shiga, ya ba su labarin kwamitin tun daga taron farko. Ta saurare shi da ladabi tana gyaɗa kai, har aka ɗauke shi hoto riƙe da usur. Da ya nufi gareji da su sai ta tsaya.

"Baba, ina matar nan mai benci? Ita aka ce lallai in gani."

"Wane benci?"

"Wanda matan layin nan ke zama. A ofishin 'yan sanda sun ce tun da aka fara ba a sake kai musu ƙarar fasa gida daga nan ba. Layukan da ke da ƙofar ƙarfe suna da yawa a birnin nan, Baba, amma wannan tsarin ba mu gan shi a ko'ina ba."

Ya nuna da hannu. "Iyalina ce," ya ce. "Ga shagonta can."

Maman Tagwaye tana ƙulla sukari a leda suka iso. Ta goge hannu, ta ce ita fa ba abin da ta yi, zama kawai suke suna gulma. Matan bencin suka yi dariya, jami'ar ma ta yi, ta kunna wayarta ta ce a ba ta gulmar tun daga farko. Ciyaman ya tsaya a gefe yana jiran a zo kan katako, a ce shi ya haɗa bencin farko. Ba a zo ba. Mai kitso ta karɓe zancen, matar tela ta ƙwace, tsohuwar bene ta ba da labarin wani mai tallar turare da suka yi wa tambayoyi har ya manta abin da ya kawo shi. Can sai mai hoton ya sauke kyamara ya dube shi.

"Baba, don Allah ɗan matsa baya kaɗan. Rigar tana kashe mini hoton."

Ya matsa. Ya ƙara matsawa, har ya tsinci kansa a cikin gareji shi da kujerun da ba wanda ya zauna a kai.

Da yamma ta kawo masa abinci, ya ɗaga murfin ya mayar.

"Gishiri ya yi yawa."

"Ko ɗanɗanawa ba ka yi ba, Baban Tagwaye."

"Ina jin ƙanshinsa." Ya jawo rediyo ya kunna, ya kashe. "Wai da katakon wa aka yi bencin nan?"

"Naka."

"Ƙusar wa?"

"Taka. Lafiya?"

"Lafiya lau. Na ji ana ta ba da tarihi ne, na ɗauka daga sama ya faɗo."

Ta dube shi, dariya ta taso mata, ta ga fuskarsa ba wurin dariya, ta haɗiye abinta. Auta, 'yarsu ta ƙarshe mai karatun jinya, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baba, ai kai ma an ɗauke ka hoto." Ya ce ba da ita yake ba.

Ba a jima ba aka saka hirar a gidan rediyon birni, mai gabatarwa ya kira Maman Tagwaye Mai Benci, sunan kuwa ya bi ta. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu layukan suna kallon bencunan kamar ba su taɓa ganin katako mai ƙafa huɗu ba. Ƙaramar wayarta mai fasasshen baya, wadda a da sai tagwaye ke kira, ta koma ruri daga safe zuwa yamma. Tasa tana kan tebur kamar an yi mata rasuwa. Ya kan ɗauka ya duba ko caji ne ya ƙare. Ya lura 'yan kwamitinsa ma, in sun zo wucewa, taga suke fara leƙawa su gaishe ta kafin su juyo wurinsa. Ya lura ta fara cewa "a ganina" in tana magana. Ko ta daɗe tana faɗin haka ne bai taɓa ji ba, bai sani ba.

Mai askin bakin titi abokinsa ne tun suna samari, kuma shi ne mataimakinsa a kwamiti. Can Ciyaman ya kai kukansa, ya zauna a kujerar jira ya miƙe gwiwa.

"Kana ganin abin da ake yi mana?"

"Wa ya yi mana me?" Mai aski bai ɗago ba, yana kaɗe gashi daga injinsa da buroshi.

"Mu muka sha rana a bakin ƙofar nan, mu ruwa ya yi wa duka. Yau an wayi gari an ce benci."

"Ni dai da matata aka kira, da tuni na kai ɗinki."

"Ba maganar mata ba ce, maganar gaskiya ce. Benci zai tare ɓarawo?"

"Ƙofar nan a buɗe take wuni, Ciyaman. Kai ka ce a bar ta saboda masu kawo gas da motar shara."

Ciyaman ya dubi madubi, ya ga fuskarsa, ya kau da kai.

"Kishi kake, mutumina."

"Ni? Da matata? Matar da ni na koya mata busa usur?"

"Ai shi ya sa abin ke cin ka," in ji mai aski. "Zo in gyara maka gefen nan, na ga ya fara tsiro."

Ciyaman ya tashi ya fita ba sallama.

Washegari ya sa kayansa na fita, bai gaya wa kowa inda za shi ba, ya hau bas zuwa ofishin hukumar birni. Duk hanya yana jin yadda direban ke wulaƙanta giyar motar, yana tsaki. Ofishin jami'ar yana can saman bene, ya hau yana dafa bango. Tana ganinsa ta miƙe da fara'a, ta jawo masa kujera, ta sa aka kawo ruwa mai sanyi, sannan ta leƙa ƙofar kusa ta kira abokin aikinta.

"Zo ka gaisa da mijin Mai Benci."

Mutumin ya fito ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce gaskiya ya yi dace da mata. Ciyaman ya ce haka ne. Tun aurensu ita ce matar direba, daga baya ta zama matar Ciyaman. Bai taɓa tunanin akwai ɗakin da zai shiga a gane shi da ita ba.

Ya gyara murya ya ce shi ba don komai ya zo ba, sai don tarihi ya fita daidai. Ya sake kawo labarin kwamitin, da ƙofa, da zaryar ofishin 'yan sanda. Jami'ar ta bar shi ya kai aya.

"Baba, ba wanda ya raina aikinku. Karramawar ta layin ce gaba ɗaya. Mutum ɗaya ne dai zai hau ya karɓa ya yi magana, kuma mutanen layin da muka tambaya, har da 'yan sanda, ita suka nuna. Amma an tanadar maka kujera a sahun gaba, wurin iyalai."

"Wurin iyalai," ya ce.

"Eh, daidai gaban mumbari. Za ka gan ta sosai."

Saukowa ta fi hawa wuya. A bas ɗin komawa bai ma ji giyar direban ba.

Ranar taron, layin ya tashi da wuri. An ɗauko hayar bas, babba, irin wadda ya tuƙa. Mata sun yi ado, samarin wankin mota sun sa fararen riguna, an sauko da tsohuwar bene an zaunar da ita kusa da taga. Mai aski ya zo ya same shi a ƙofar gareji.

"Direban ya ce in kana so ya ba ka sitiyari. Ka kai mu da hannunka."

"Ba za ni ba."

"Haba, Ciyaman."

"In kowa ya tafi karɓar yabo, wa zai tsaya ya yi aikin da ake yabon? Ku je. Ni ina bakin aiki."

Mai aski ya dube shi, ya girgiza kai ya wuce. Sai ga Maman Tagwaye ta fito cikin sabon ɗinki mai ruwan ganye, tana ta jan hannun rigar kamar ba nata ba. Ya daɗe bai gan ta da kwalliya haka ba, kuma ta yi kyau, abin da ya ƙara masa haushi ke nan.

"Baban Tagwaye," ta ce a hankali, yadda na cikin bas ba za su ji ba, "ni ban taɓa magana a gaban taro ba. Ka zo, ko don in riƙa kallon fuskarka."

Ya dafa hannun kujera, har ya fara ɗaga jiki. Daga tagar bas wata ta ce, "Mai Benci, ke ake jira fa." Ya koma ya zauna.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Ta tsaya kaɗan, sannan ta juya. Auta ta riƙe mata jaka ta hau.

Da bas ɗin ta ɓace, ya sa rigarsa mai ƙyalli, ya rataya usur, ya taka layin daga wannan kai zuwa wancan. Bai taɓa ganinsa haka ba. Ba muryar mai kitso, ba rediyon matar tela, tagar shago a rufe, bencuna a jere ba kowa sai wata mage da ta miƙe a kan na farkon. Gwiwa ta dame shi, amma bai yarda ya zauna a kan ko ɗaya ba. Ya koma gareji ya jawo kujerar roba ya kafa a inuwar katanga, inda yake hango ƙofar ƙarfe.

Rana ta take sai ga wata ƙaramar motar ɗaukar kaya, ba rubutu a jikinta, ta shigo ta tsaya daga cikin ƙofar. Mutum biyu suka sauko. Ɗaya ya sauke tsani ya jingina da ginshiƙin ƙofar, ɗayan ya fito da injin huda ƙarfe. A bayan motar akwai wani dogon abu nannaɗe da tamfol.

Ciyaman bai ji tsoro ba, wani daɗi ne ma ya ratsa shi. Sun ji labarin layin ba kowa, sun zo kwance ƙofar su sayar da ƙarfen. Ya lallaɓa ta jikin katanga, ya ja ƙyauren ya rufe, ya zura sakata ya danna kwaɗo, motar tana ciki. Sannan ya sa usur a baki ya yi busar gaggawa da duk iskar da ke ƙirjinsa.

Magen ta diro ta gudu. Ban da ita ba abin da ya motsa.

"Baba, lafiya?" in ji na kan tsani. "Hukumar birni ce ta turo mu."

"Kowa ma haka yake cewa. Sauko."

"Ka bari mu nuna maka abin da muka kawo."

"Kada wanda ya taɓa motar nan. Ku tsaya inda nake ganinku."

Ya kira wani kofur da ya saba da shi a ofishin 'yan sanda, ya ce ya kama mutum biyu da kayan aiki. Yana tsare da su a rana, makulli a aljihu, zuciyarsa na can ɗakin taro. Yana ganin yadda labarin zai isa ana tsakiyar tafi, wani ya raɗa wa jami'ar a kunne, ta miƙe ta karɓi lasifika ta ce a dakata, yanzun nan Ciyaman ya kama ɓarayi shi kaɗai. Har ya ga fuskar mai aski.

Kofur ya iso a babur, ya gaisa da mutanen kamar ya san su, ya hau bayan motar ya yaye tamfol. Allo ne shuɗi na ƙarfe, da tambarin hukumar birni a sama, da manyan haruffa masu cewa wannan layi ya yi zarra a tsaron al'umma. A ƙasan rubutun an zana benci.

"A kan ƙofar aka ce mu kafa," in ji mai injin, yana share zufa. "So ake su dawo su tarar da shi."

Kofur ya juya baya yana gyaran madubin babur, kafaɗunsa na rawa. Ya ba ma'aikatan haƙuri, ya ce Ciyaman mutum ne mai tsare aikinsa.

"Ba komai," na tsanin ya ce. "Mu dai an ce mana a layin nan da gaisuwa ake tare baƙo."

Ƙasan wurin ba daidai yake ba, tsanin na ta girgiɗi, ga shi ɗayan yana riƙe da allon. Suka dubi Ciyaman. Haka ya tsaya riƙe da tsani, garin ƙarfe na zubo masa a kan riga, har aka gama ɗaure hoton benci a saman ƙofarsa.

Bas ta dawo da la'asar, cike da hayaniya. Suka ga allon suka hau tafi tun daga titi. Labarin kofur ya riga ya isa wayar mai aski, don yana saukowa ya nufo shi da hannu a baki. Ciyaman ya shige gida ya rufe ƙofa.

Auta ce ta fara shigowa, ta zauna a hannun kujerarsa. "Baba, na ɗauko maka jawabin Mama."

"Ba na buƙata."

Ta kunna duk da haka, shi kuma ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido. Ga ta can a mumbari, 'yar ƙarama, lasifika ta fi ta tsawo har sai da aka sauko mata da ita. Muryarta na rawa. Ta gode wa matan layin, ta ambaci tsohuwar bene, aka yi dariya aka yi tafi. Ta ce samarin nan ba 'yan iska ba ne, aiki ne ba su da shi. Ta gode wa 'yan sanda da hukuma. Ta dubi sahun gaba, sannan ta ce shi ke nan, ta gode.

"Mayar baya," ya ce.

Auta ta mayar. Ya sake ji har ƙarshe, ya miƙa mata wayar.

Ya samu Maman Tagwaye a kicin, ta cire kayan ado ta ɗora ruwa. Kyautar, wani gilashi mai kauri da rubutun zinariya, tana kan firji kusa da kwandon albasa.

"Kin yi jawabi mai kyau," ya ce. "Kowa ya samu shiga. Har tsohuwar bene."

"Da kai na shirya farawa. Na ɗaga kai na ga kujerarka da jakar wata a kai, komai ya gudu daga kaina."

"Amma samarin wankin mota ba su gudu ba."

Ta rage wutar, ta juyo ta fuskance shi. "Shekara nawa kana taro a garejin nan? Ranar da babban ɗan sanda ya zo ya yaba maka, ka ce kai da 'yan kwamitinka. Ina tsaye a bayanka da faranti. Na ji zafi, na je na wanke kofuna, ya wuce. Ban ƙi cin abinci ba, ban hau bene na je gyara tarihi ba."

Ya ɗago da sauri.

"Yarinyar ta gaya mini, tana yabonka ma, wai kana kishin unguwarka. Na ce mata haka kake." Ta ɗauki tsumma ta goge wurin da ba datti. "Yau ɗaya aka kira ni, Baban Tagwaye. Na roƙe ka, ka bar ni na tsaya ni kaɗai."

Ya dubi tukunyar da ke kan wuta. Ruwan ya fara tafasa, ba wanda ya kula shi. Can ya miƙa hannu ya ɗauki gilashin daga kan firji, ya ji nauyinsa, ya karanta rubutun da ke jiki a hankali.

"Nan zai faɗo," ya ce. "Ina kike so a sa shi?"

"A shago. Saman kantar madara."

Ya je gareji ya yanko ɗan katako, ya goge shi da sanfefa, ya kafa shi a bangon shagon da ƙusa mai kyau. Ya ɗora gilashin, ya ja baya ya duba, ya ɗan juya shi yadda mai tsayuwa a taga zai iya karantawa. Bai ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Abincin da ta kawo ranar ya cinye shi tas.

Abin dai bai bar shi ba. In wani ya tsaya a taga yana karanta gilashin, sai ya ji wani abu ya tsunkule shi a ƙirji. Mai aski ya yi ta ba da labarin ɓarayin hukuma ga duk wanda ya zauna a kujerarsa, kullum da ƙari, har ta kai a labarin Ciyaman ya ɗaure su da igiya.

Bayan wasu makonni mutanen wata unguwa a can ƙarshen birni suka gayyaci Maman Tagwaye ta je ta yi musu bayani. Ta ce ita ba ta san hanya ba, kuma bas biyu ake hawa. Ciyaman ya ce ba lungun da bai sani ba a garin nan, ya aro tsohuwar motar mai aski. A ƙofar makarantar da ake taron ya ce zai jira a mota. Zafi ya kore shi, ya shiga ya tsaya a baya kusa da ƙofa. Wannan karon muryarta ba ta yi rawa ba. Ta sa su dariya, ta amsa tambayoyi, da wani ya tambayi batun ƙofar ƙarfe ta nuna shi ta ce ga gwanin nan a baya, a same shi bayan taro. Mutum biyu suka waiwayo. Da ta gama ɗakin ya ɗauki tafi, ya ji tsunkulin nan a inda ya saba ji. Shi ne na ƙarshen fara tafawa, amma ya tafa.

A hanyar komawa ya ce ta yi sauri a wurin bayanin samarin, kuma ba a juya wa rabin jama'a baya in ana magana. Ta ce to, ta ji. Kafin su kai babbar gada barci ya ɗauke ta, kanta a jikin gilashi, jakarta a cinya. Ya kashe rediyo. Duk tudun titin da suka zo sai ya sauke giya ya haye a hankali don kada ta farka, yana tsara a ransa yadda zai faɗi abin in da shi aka miƙa wa lasifikar.